Wa Zai Amsa Yunusu Salisu?

Duk wanda ya yi karatun jami'a a Tawa cikin shekarun nan ya san Malam Yunusu na ɗakin karatu. Siriri ne, mai furfura a gefen kai, kullum da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya baƙi ɗaya ja. Teburinsa na can kusurwa bayan kantocin littattafai, inda iskar fanka ba ta kaiwa. An sha ce masa ya matso gaba ya sha iska, ya ce a'a, nan ya fi masa. Ɗalibai kuwa, ka san su da neman tsokana, sun gano wani abu game da shi. In mutum ya laɓe bayan kanta ya ce "Yunusu Salisu!" da ƙarfi, sai bawan Allah ya zabura, alƙalami ya faɗi, ya amsa tun mai kiran bai rufe baki ba. Su yi ta ƙyaƙyata dariya, ja'irai. Ba su san shekara arba'in ke nan yana tsoron wannan suna ba.

Aikinsa shi ne rajistar littattafai da kundayen da ɗalibai ke rubutawa a ƙarshen karatu. Na'urar da ake aikin da ita a ƙasashen Turawa aka tsara ta, gurbi biyu gare ta: sunan dangi da sunan yanka. To mu ina muka ga wani sunan dangi? Mutum ɗaya zai rubuta Abdulrahim Muktari a kundinsa na farko, a na biyu ya juya ya zama Muktari Abdulrahim, a na uku ya liƙa Tebaram a ƙarshe don a san garinsu, na'ura ta ɗauke shi mutum uku. Wata rana kuma ta kama mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba ta haɗe su ɗaya. Malam Yunusu ne mai raba wannan rigima. Yana da akwatin katako cike da katuna, kowane marubuci da katinsa. Sunan gaskiya da baƙin alƙalami, sauran sunayen da ja, a rubuta "duba wane". In abu ya shige masa duhu, kabu-kabu yake hawa ya je har ƙofar gidan mutum ya tambaye shi: wanne ne naka, wanne ne na mahaifinka? Katuna sun fi dubu biyu a akwatin nan, kuma babu nasa a ciki.

Don shi sunansa na yanka Hamid ne. A ƙauyensu da ke arewa da Affala, har gobe Hamid ake ce masa. Yunusu sunan wansa ne, ɗan farin Salisu da Kande. Ranar suna aka raɗa wa yaron sunan kakansa na wajen uba, shi ke nan sunan ya gagari kowa a gidan. Kande ba ta faɗa, don ɗan fari ne, akwai kunya. Salisu ba ya faɗa, don sunan mahaifinsa ne. Sauran mutanen gida wa zai buɗe baki ya kira sunan tsoho a banza? Sai aka laƙaba wa yaron Ciɗo, ya bi shi. Sunan Yunusu ya yi zamansa a takardar ƙidaya ta wajen mai gari, ba mai taɓa shi.

Shekarar da aka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen, mushe, malamin makarantar, ya zo da gardi, dogarin gwamnati, da jerin sunayen yaran da suka isa, daga takardar mai gari aka kwafo. Yunusu Salisu na ciki. Lokacin Ciɗo ya shekara bakwai, shi ke fita da awaki, shi ke ɗebo ruwa a jaki, uban ba shi da wani hannu sai shi. Hamid kuwa bai cika shida ba, ga yawan ciwo, ba abin da yake tsinanawa. Da safen nan Salisu ya ja Hamid bayan rumbu, ya kama masa kunne, ya sunkuyo.

"In anka ce Yunusu Salisu, kai aka nufi. Ka amsa da wuri, kar ka tsaya waige-waige. In ka bari anka gane, gidan kaso za a kai ni. Ka ji ko?"

Yaro ya ji. Wallahi ya ji, har ya wuce yadda uban ya so. Ya amsa a rumfar karan da ake karatu, ya amsa a kwaleji a Tawa, ya amsa a Yamai inda ya koyi aikin ɗakin karatu. Da za a yi jarrabawar farko daraktan lakwal ya yi wa ƴan aji duka takardar haihuwa a kotu, tasa ta fito da sunan Yunusu, da shekarar haihuwar Ciɗo. Daga kanta kowace takarda ta tsiro: shaidar karatu, takardar ɗaukar aiki, takardar aure, takardun ƴaƴansa huɗu. Salisu ya rasu tuntuni, ba mai kai shi gidan kaso, amma tsoron bai bi shi kabari ba. Ko da aka zo yin katin zaɓe mai ɗaukar hoton yatsu, Malam Yunusu kwanciya ya yi ya ce zazzaɓi, har masu aikin suka tattara suka bar unguwar.

To, shugabar ɗakin karatun, Madam Haula, mace ce da ba ta san a bari ba. Ita ta ga sanarwar wani babban taron ma'aikatan ɗakunan karatu na jami'o'i da za a yi a Rabat, ƙasar Maroko. Masu taron sun ce za su ɗauki nauyin mutum goma sha biyu daga Afirka, jirgi da masauki da shiga taro, ga waɗanda suka aiko da bayanin wani aiki nasu mai amfani. Ta zo ta tsaya a kansa, ta ɗora hannu a akwatin katuna.

"Mushe Yunusu, wannan abin da kake yi a lungu, shi ne abin da suke nema. Ka rubuta shafi biyu."

Ya ce Madam ai shi ba kowa ba ne. Ta ce ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba. Ya tambaya mutum nawa ke nema, ta ce bara sun haura ɗari uku. Nan hankalinsa ya kwanta. Ɗari uku, a zaɓi goma sha biyu, a zaɓo na kusurwa? Ya zauna ya rubuta shafi biyun da zuciya ɗaya, har da jin daɗi, don abu ne da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya sa masa kai: "Wanne ne sunan mutum?"

Farkon damina amsa ta zo. An ɗauke shi. Wasiƙar ta ce a aiko da hoton shafin fasfo cikin kwana ashirin da ɗaya, don a yanki tikiti da sunan da ke ciki. Madam Haula ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin da ita da kanta ta liƙa takardar hana surutu. Shi kuwa sai ya riƙe bakin tebur. Kafin azahar an buga sanarwa an manna a allon ƙofar shiga, sunan da manyan baƙaƙe, mai wucewa a titi ma zai karanta. Ranar ta ƙofar baya ya fita.

Ga abin da ke cinsa. Fasfo na yanzu sai an ɗauki hoton yatsu, na'ura ta haɗa su da suna da iyaye da shekara. Ciɗo kuwa ɗan ci-rani ne tun yana saurayi, ya yi Abijan, ya yi Libiya, kuma shekara uku da suka wuce kowa ya ji ya je Yamai ya yi fasfo. Da wane suna zai yi in ba nasa ba? Ke nan Yunusu ɗan Salisu da Kande yana cikin na'ura tuntuni, da yatsunsa goma. Ranar da wani ya zo da wasu yatsun ya ce shi ne, sai a ce ɗaya maƙaryaci ne. In shi aka kama, takardun karatu sun zama na jabu, aiki ya tafi, ga ƴaƴa huɗu da sunan ubansu zai zama abin tambaya. In Ciɗo aka kama, a wata iyaka za a tare shi, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kamar da gayya, washegari a teburin mai shayi wani direba ya kawo labarin wani malamin lakwal daga wajen Tebaram, wai na'ura ta same shi da takarda ɗaya da ɗan baffansa, wai an riƙe shi kwana uku ana tambaya, wai har yanzu yana gida ba aiki. Wai, wai, ba wanda ya ga mutumin da idonsa. Amma Malam Yunusu ya ajiye kofinsa da rabin shayi ya tashi, har mai kabu-kabun da ya ɗauke shi ya tambaye shi ko lafiya.

Ya gwada zillewa. Ya ce wa Madam Haula tsohuwarsa ba ta da lafiya, ta ce Allah ya ba ta sauƙi, taron sai bayan wata uku. Ya ce shi fa tsoron jirgi yake, ta ce kowa ma yana ji, a rufe ido a yi salati. Da ya ce ko ita za ta je a madadinsa, sai ta cire tabarau ta dube shi.

"Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya fita daga ɗakin nan zuwa taro ko na Yamai. Shugaban jami'a ya riga ya faɗa a gaban malamai. In ka ƙi, shi zai kira ka ya ji dalili. Mushe Yunusu, akwai wani abu ne?"

"Babu, Madam. Babu komai."

A duk faɗin Tawa matarsa Balki kaɗai ta san maganar. Kwana tara tana kallonsa yana tsakurar tuwo yana turewa, in an ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙe tsaye, in motar jandarma ta wuce ya bi ta da ido har ta sha kwana. Rana ta goma ta gaji.

"Malam, ka je ka tambayi Yaya mana. Ruwa ya sauka, yana gida yana shuka. Mutum da ɗan'uwansa, ciki ɗaya!"

"Me zan ce masa? In ce na cinye masa suna shekara arba'in, yanzu na zo in ji ko ya bar min sauran?"

"To zauna nan ka mutu da tsoro, sai a rasa sunan da za a yi maka salla da shi."

Ta faɗa ne da zafi, ta kuma yi da-na-sani nan take, amma maganar ta shige shi. Gaskiya ne, tunda suke shi da Ciɗo ba su taɓa ta da zancen nan ba, ko da wasa. Yana zuwa gida da salla, yana aika sukari da magani, amma bai taɓa yarda su zauna su biyu ba. Da ya ga an watse an bar su, sai ya tuna alwala.

Ranar Asabar ya shiga motar Affala. A shingen hanya jami'i ya karɓi katunan fasinjoji, irin tsohon katin nan na takarda, ya ɗaga nasa ya karanta sunan a fili. Malam Yunusu ya amsa da irin ƙarfin da ya sa duk motar ta juyo. Jami'in ya dube shi, ya dubi katin, ya sake dubansa, sannan ya miƙa masa. Har suka kai Affala rigarsa ba ta bushe ba. Daga nan ya hau babur, suka bi ta cikin duwatsu da jar ƙasa wadda ruwan shekaranjiya ya jiƙa.

Ya tarar da Inna Kande a ƙofar ɗaki, ido ya yi rauni amma kunne garau. Daga jin sallama ta ce, "Hamid ne? Lahiya, ba salla ba?" Ya ce lafiya lau, ya zo ganin Yaya ne. Ta ce wancan yana gonar tudu.

Ciɗo na sara da sungumi, shi kaɗai, matansa sun koma gida kawo hura. Ƙato ne, baƙi, hannuwansa duk kanta, ya girmi ƙanen da shekara ɗaya da rabi amma ka ce goma. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Suka zauna gindin wata aduwa. Malam Yunusu ya fara, ya kawo zancen taro, da Maroko, da jirgi, ya yi ta kewaye, har ya iso kan fasfo da hoton yatsu.

"Yaya, fasfon da ka yi a Yamai... da wane suna ka yi shi?"

Ciɗo ya kakkaɓe ƙasa daga hannunsa, ya laluba aljihun ciki, ya ciro wata leda da aka naɗe da zare. Ya kwance a hankali, kamar ba shi da sauran shuka, ya miƙa masa katin ɗan ƙasa da ya sha hannu.

"Kai ka iya karatu. Duba."

Hoton Ciɗo ne, da hularsa. A ƙarƙashi an rubuta Hamid Salisu. Malam Yunusu ya karanta, ya sake karantawa, ya bi baƙaƙen da yatsa. Shekararsa arba'in da shida a duniya, ya rubuta sunan mutum dubu biyu da baƙin alƙalami, bai taɓa ganin nasa a rubuce ba sai yau.

"Fasfon ma haka shi ke," in ji Ciɗo. "Sanda zan tahi Abijan na farko, anka ce sai da kati. Na je Tawa da shaidu biyu. Muna bakin ƙofa na tuna Yunusu na nan cikin garin ga, yana kwaleji. In na ce ni ne, sun zama biyu. Da mai rubutu ya ce mi sunanka, sai na ce Hamid. Ka tahi da nawa, na ga naka a ajiye ba mai amfani da shi, na ɗauka. Ko Baba ban gaya ma ba. Ɗiyana ma da ke lakwal, Zahara Hamid, Nasrullahi Hamid, haka aka kiran su."

Wayyo, sai ga babban mutum, ma'aikacin jami'a, ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Yana kuka yana cewa, "Shekara talatin! Yaya, shekara talatin, don me ba ka gaya min ba?"

"Ka tambaya? Kai da in mun haɗa ido sai ka tashi alwala."

Ciɗo ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya karɓi katin yana naɗewa, ya ci gaba da magana yana duban gona, kuma muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Kai ka zaci ban so zuwa ba ne? Ranar da Baba ya kama maka kunne ina cikin rumbun, ina jin komi. Ni na so zuwa, Hamid. Na so ƙwarai. Kullum da sahe sai in bi da awaki ta bayan rumfar lakwal, hanyar ba nan take ba, don dai in ji mushe na kiran suna. In ya ce Yunusu Salisu, kai ka ce firezan daga ciki, ni ma in ce firezan daga waje, a hankali. Ban ma san mi ake nuhi ba, sai daga baya anka ce min wai ga ni. Wata biyu ina yi, har wata mata ta ji ta gaya ma Baba. Ya yi min dukan da ban sake bi ta nan ba. Tun ranar kunnena bai ƙara jin an kira sunan ga ba."

Malam Yunusu ya ce, "Ka yafe min." Ciɗo ya ce yaron da ke ɗan shekara biyar a lokacin me ya yi da za a yafe masa. Ya miƙe ya ɗauki sungumi, har ya yi taku biyu ya juyo.

"Wurin taron ga, za a kira sunan a gaban mutane?"

"Za a kira."

"Da lasifika?"

"Da lasifika."

"To ka ɗauko min a wayar salula in ji. Shi ke nan abin da ni ka so."

Kada ka zaci tsoro ya sake shi daga nan. Abin da ya shekara arba'in a jiki ba ya fita rana ɗaya. A ofishin fasfo a Yamai, da aka ce ya ɗora yatsu a gilashi, zufa ta hana na'ura karantawa. Sau uku ma'aikaciyar tana ba shi tsumma ya goge. A na huɗu ta tsaya tana duban allon na'urar, ta daɗe, shi kuwa ya riga ya hango kansa a benci tsakanin jandarmomi biyu, ya hango Balki da yara suna kwashe kaya. Sai ta yi hamma ta ce na gaba ya matso. Saura kwana biyu wa'adi ya cika ya aika hoton fasfon.

Jirgi dai ya rufe ido ya yi salati, yadda Madam Haula ta ce. Rabat kuma, bai ga komai a cikinta ba sai hanyar masauki zuwa zauren taro. Rana ta biyu da hantsi aka zo kansa. Zaure cike, mutum ya fi ɗari biyu, farare da baƙaƙe, kowa da kati rataye a wuya. Yana zaune a gaba tare da mutum uku masu jawabi, ya danna wurin ɗaukar murya a salula, ya sa ta a aljihun gaba tsakanin alƙaluman nan biyu. Shugabar zaman, wata dattijuwa Balarabiya mai fara'a, ta duba takardarta, ta jawo lasifika, ta ce da Faransanci:

"Yanzu sai Mushe Salisu, daga Nijar."

Aka tafa. Shi ke nan fa, ta gama. Ta ɗauki na ƙarshe a matsayin sunan dangi, yadda na'ura ke yi, ta bar Yunusu a kan takarda.

Ya miƙe. Mutumin da bai taɓa ce wa ko ɗalibi ka yi kuskure ba sai da kewaye-kewaye, yau ga shi gaban manyan duniya. Zuciyarsa ta ce masa, karanta takardarka ka zauna, wa ya aike ka, kar ka ja ido kan sunan nan. In ka koma ka ce wa Yaya salular ce ta ƙi. Ya isa gaban lasifika, ya buɗe takardar. Ya ji nauyin salular a ƙirjinsa tana nan tana ɗauka.

"Afuwa, Madam. Salisu mahaifinmu ne, ya rasu shekara ashirin ke nan, ba zai iya amsawa ba. Ina roƙo ki kira sunan duka, yadda yake a rubuce."

Zaure ya fashe da dariya, har da tafi. Sun ɗauka dabara ce ta buɗe jawabi, tunda ai maganar da ya zo yi ke nan. Dattijuwar ma ta yi dariya, ta dafa ƙirji ta ba da haƙuri, ta gyara tabarau, ta karanta a hankali, harafi bayan harafi:

"Yunusu Salisu."

Bakinsa ya buɗe da kansa zai amsa, yadda ya saba tun rumfar kara. Ya datse shi. Ya tsaya shiru. Mutum ɗari biyu na kallonsa, shugabar ta ɗaga gira, wani ya yi tari a baya, zufa na bin bayansa har cikin wando. Ya ƙirga biyar a zuci, ya bar wurin amsar a buɗe. Sannan ya gode, ya fara jawabinsa.

An ce jawabin ya yi kyau. Mutane sun kewaye shi da tambayoyi, wata jami'a ta nemi ya aiko mata da tsarin katunansa. Shi dai bai riƙe ko ɗaya ba. Da aka fita shan shayi ya laɓe bayan wani ginshiƙi, ya yanko wurin kiran sunan daga abin da ya ɗauka, ya aika wa Ciɗo. Saƙon ya tafi amma bai isa ba, don ƙauyen ba a samun layi sai an hau tudu ko an shigo Affala. Ya kwana biyu yana ciro salula yana mayarwa, wani sabon tsoron ya kama shi: ko Yaya zai ji dariyar mutanen ya zaci da sunansa ake yi.

Ranar da za a rufe taro, ana tsakiyar rabon takardun shaida da rana tsaka, salula ta motsa a aljihunsa. Saƙon murya ne, daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya fita waje, ya jingina da bango, ya kara a kunne da hannu biyu.

Da farko iska ce kawai, irin ta kan tudu, da kukan akuya can nesa. Sai gyaran murya. Sai muryar Ciɗo, da ƙarfinta duka, ba a hankali ba, yadda za a ji shi har gonar maƙwabta:

"Firezan, mushe!"

A cikin zaure an iso kan takardarsa, ana ta kiran Yunusu Salisu a lasifika, sau ɗaya, sau biyu. Hamid na tsaye a waje da salula a kunne, ya sake dannawa daga farko.